Yaɓen Gidan Holan

Idan ka bar Baure ka nufi Babban Mutum, kafin ka kai akwai wata 'yar hanya da ta ratse hagu ta shige cikin gonaki. Ita ke kai mutum Unguwar Garma. Garin ba kasuwa, ba tasha. Abu ɗaya gare shi da baƙo ke tsayawa ya kalla, wato wani tsohon gidan gona na ƙasa da ake kira Gidan Holan. Mai kula da shi Dabo ne, wani dattijo siriri mai ɗan gajeren gemu. Ka tambaye shi lafiyar iyali ya amsa maka a taƙaice, amma in ka kuskura ka tambayi lafiyar gidan, to ka nemi wurin zama.

Labarin da mutanen garin suka gada shi ne, a zamanin Turawa wani Bature ya zo ya kafa gona a wurin, yana koya wa mutane huɗa da shanu. Sun ce ba Ingilishi ba ne, mutumin ƙasar Holan ne. Hujjarsu kuwa, wai in ya haɗu da sauran Turawa da ƙyar Turancinsa ke fita, gara ma Hausarsa. Ba wanda ya riƙe sunansa, Mai Garma kawai ake ce masa. Shi ya kira maginan Daura suka gina masa gida da tubali da azara yadda suka iya, amma ya kafe sai an yi masa gaban gidan irin na ƙasarsu. Shi ya sa ba za ka ga zanko ko ɗaya ba. Bangon gaba ne ya tashi ya wuce rufi, ya lanƙwasa ta dama, ya lanƙwasa ta hagu, ya haɗe a sama. Wannan tudun bangon shi mutanen garin ke kira goshin gidan. Ƙyauren ma nasa daban ne, an raba shi biyu, sama da ƙasa. Ka buɗe na sama iska ta shigo, na ƙasa yana rufe, akuya ta rasa hanya. Matan garin sun daɗe suna cewa duk cikin dabarun Mai Garma wannan ce ta fi hankali.

Mahaifin Dabo, Hussaini, shi ne mai riƙe wa Baturen garma. A wannan aikin ne sarƙa ta datse masa yatsan tsakiya na hannun dama. Da Baturen zai tafi, ya bar gidan da rijiyar da ke bayansa a hannun Hussaini, da sanin mai gari. Hussaini bai taɓa kwana a ciki ba, ya ce ɗakin ya yi masa girma. Ya ci gaba da zama a gidansa na gefe, Gidan Holan ya zama na kowa. Nan ake sauke baƙi, nan 'yan kawo amarya ke kwana, nan ake jibge dammunan gero in rumbun wani ya rushe. Makiyaya ma in ruwa ya kama su a hanya nan suke fakewa.

A gindin wannan bango Dabo ya tashi. Ya yi karatun allo daidai gwargwado, ya kama garma tun kafadarsa ba ta yi ƙwari ba. Da rani yakan bi fataken shanu zuwa kasuwannin bakin iyaka, amma da ya ji zafi ya fara tsananta sai ya baro su ya dawo gida. Ya auri Kubura, 'yar Baure, mace mai ƙarancin magana da yawan gani. 'Ya'yansu duk sun girma sun watse, wasu Kano, wasu Katsina. Bai taɓa yin arziki ba, bai kuma taɓa kwana da yunwa ba. An taɓa samo masa aikin gadi a Daura, ya ce a gode wa mai nema, amma wa zai duba indararo? Aibinsa ɗaya ne, kowa kuma ya san shi: yana son a yabi gidan nan fiye da yadda yake son a yabe shi. Ka ce goshin ya yi kyau, ka gama cin abincin rana.

Ginin ƙasa ba ya son a manta da shi. Kowace damina ruwa yana cin bangon ya tafi da abin da zai tafi da shi, kowace bazara kuma sai an mayar masa. Tun zamanin Hussaini, yaɓen Gidan Holan aikin gayya ne. In aka fara ganin gajimare yana leƙowa ta gabas, sai mai kula da gidan ya bi gida-gida da goro. Ranar da aka sa, samari su haƙo ƙasa a kududdufi, a zuba mata ruwa da tattakakkiyar ciyawa, a yi ta takawa da ƙafa. Mata su jiƙa makuba, ɓawon ɗorawar nan da ke sa yaɓe ya yi ƙarfi ya ƙi ruwa. Wasu su hau rufi su gyara indararo, wasu su jeru a kan tsani ana miƙa musu curi. Kubura da maƙwabtanta su turara dambu, a dama fura a manyan ƙore. Ba a biyan kowa. Duk wanda ya sha ruwan rijiyar, ko aka taɓa sauke masa baƙo a gidan, ya san ranar tasa ce.

Da hannu ake yaɓen. Mutum ya manna curi ya ja shi da tafi, yatsunsa su bar sawu a jikin bango. Goshin gidan kuwa ba kowa ke taɓa shi ba, mai kula da gidan ne ke hawa ya yaɓe da kansa a ƙarshen aiki. Dabo yana yaro yakan tsaya a ƙasa ya gane aikin mahaifinsa daga nesa, domin sawun Hussaini yana da giɓi a tsakiya, inda yatsan nan ya kamata ya bi. Shekarar da Hussaini ya rasu, Dabo ya hau tsani ya rufe wannan sawu da nasa, yana yi yana hawaye. Daga nan bai ƙara ganinsa ba. In maganar ta taso, abin da yake cewa kawai shi ne, "Hannun Baba yana nan ciki."

Haka aka yi ta yi shekara da shekaru, har Dabo ya yi furfura. Mai jagorancin kwaɓa ƙasa duk tsawon lokacin nan Nagoggo ne, taubashinsa, wanda ba ya ganin Dabo ya wuce bai tsokane shi ba.

Wata shekara da rani Zubaida ta zo gaishe su. 'Yar ƙanwar Dabo ce, a Daura ta tashi, tana karatun zanen gine-gine a jami'a. Tun tana ƙarama take ganin gidan, amma wannan karon da wani ido ta zo. Ta zagaya shi, ta auna, ta ɗauki hotuna da wayarta har rana ta yi tsaka.

Ta ce, "Kawu, ka san irin wannan goshin a littattafanmu muke ganinsa? Tsofaffin gidajen gona na mutanen Holan haka suke. Amma na ƙasa da azara, da hannun maginanmu, ni dai ban taɓa cin karo da shi ba. Bayan damina zan kawo malamaina da wasu baƙi masu kula da tsofaffin gine-gine. In Allah ya so, a sa shi cikin wuraren tarihi."

Dabo ya ji daɗi har ya rasa inda zai sa kansa. Ya karɓi wayar ya duba hotunan ɗaya bayan ɗaya, sai murnar ta fara raguwa. Lokacin ba a yi yaɓen shekara ba tukuna, bangon yana cikin mafi munin halinsa. Ga zaizayar ruwa, ga inda awaki ke soshe-soshe, ga gidajen zanzaro a ƙarƙashin indararo. Duk rayuwarsa yana kallon bangon nan, bai taɓa ganinsa da idon baƙo ba sai ranar. Kunya ta kama shi.

Mutumin ƙasar nan in zai yi babban baƙo, sai ya share ƙofar gida, ya ciro tabarmar da ake ɓoyewa, ya sa rigar Juma'a. Dabo ya ga ai gidan ma ya kamata a sa masa tasa rigar. Rigar gida kuwa a wurinsa, da wurin kowa a garin, siminti ce da fenti. An yi wa masallaci, an yi wa gidan mai gari, ba wanda ya ce an yi laifi. Ya kai ɗaya daga cikin shanun huɗarsa kasuwa, ya yo odar siminti.

Kubura ta ce, "Malam, sa ɗaya ai ba ya huɗa."

"Sai in haɗa da na wani."

"Ka gaya wa Zubaida?"

"So nake ta zo ta gani kawai."

Kubura ta ci gaba da tsince wakenta.

Ana haka Nagoggo ya biyo ta rijiya ya same shi. Ya ce, "Dabo, gabas ta fara duhu ban ga goro ba. Ko tsufa ya sa ka manta hanyar gidana?"

Dabo ya ce, "Bana an huta. Na kira birkiloli daga Baure. Siminti za a sa, an gama taka laka ke nan har abada."

"Mun ce maka mun gaji ne?"

Da Dabo ya yi shiru a nan, da abin bai yi nisa ba. Amma mai jin daɗin dabararsa ba ya iya riƙe baki. Ya ce, "Manyan baƙi za su zo daga nesa. Ba zan nuna musu gida duk sawun yatsu kamar bangon rumbu ba."

Nagoggo ya dubi tafin hannunsa, ya juya shi, ya dubi bayansa. Bai yi tsokana ba, abin da bai taɓa faruwa ba tsakaninsu. Ya ce, "Allah ya sa alheri," ya tafi. Kafin la'asar maganar ta shiga kowane gida a Unguwar Garma.

Birkiloli suka zo suka shafe gidan da siminti tun daga ƙasa har ƙolin goshi, suka yi masa farin fenti, ƙyauren suka yi masa kore. Gaskiya ya yi kyau a ido. Masu babura suna tsayawa su kalla, Dabo yana zaune a ƙofa yana karɓar yabo. Mutanen gari suka ci gaba da ɗiban ruwa a rijiya, sai dai gaisuwar ta gajarce. Da aka yi auren ɗan Nagoggo, a ajin firamare aka sauke 'yan kawo amarya, ba wanda ya zo neman mabuɗi. Dabo ya lura, abin ya yi masa ciwo, amma ya ce a ransa za su huce.

Daminar ta yi ruwa sosai. Simintin ya tsage a ƙolin goshi, tsagar da ba ta kai a gani daga ƙasa ba. Ruwa ya riƙa shiga ta nan yana bin bayan simintin. A da in bango ya jiƙe, rana ta fito ya bushe. Yanzu kuwa ruwan ya shiga ya rasa mafita, ya zauna yana cin ƙasar. Ɗakin ya fara warin danshi. Wata rana Dabo ya ƙwanƙwasa bangon gaba, ya ji yana amsawa kamar ƙwaryar da aka kife. Mutumin da ya tashi a gindin ginin ƙasa ya san ma'anar wannan ƙara. Bai gaya wa kowa ba.

Da kaka baƙi suka iso a farar bas. Dabo ya sa rigar Juma'arsa ya tsaya a ƙofa. Zubaida ce ta fara sauka, tana murmushi, ta ɗaga kai ta dubi gidan, sai ta tsaya cak. Baƙin kuwa mutanen kirki ne. Suka gaishe shi da girmamawa, suka ci abincin Kubura suka yaba, suka ɗauki hoton azarar rufi da ƙyauren nan mai rabi biyu. Wani dattijo cikin malaman ya dubi hoton da ke wayar Zubaida, ya dubi farin bangon, ya tambaya a hankali ko wannan ne gidan. Ba su daɗe ba.

Da za su tafi Zubaida ta ja kawunta gefe, idonta ya yi ja. Ta ce, "Kawu, sawun hannayen nan na jikin bango na kawo su su gani."



Ta ƙara da cewa, "Kuma simintin nan riƙe ruwa yake yi. In ya ƙara shan wata damina a haka, goshin zai zo ƙasa."

Ya ce, "Na sani."

Da rani, wata rana da tsakar rana, wani faffaɗan ɓangaren siminti ya ɓalle daga gefen goshin ya faɗo a ƙofar gida. Allah ya kiyaye ba kowa a wurin. Dabo ya ɗauki guduma ya gwada ɓamɓare sauran shi kaɗai, ya wuni bai gama ko faɗin tabarma ba, washegari ya kasa ɗaga kafaɗa. Aikin a bayyane yake. Sai an cire simintin duka, an cike inda ya ruɓe, an yaɓe gidan gaba ɗaya kafin ruwan farko, in ba haka ba a rasa shi. Wannan kuwa aikin gari ne, garin da ya sallama da bakinsa.

Ya sayo goro ya ajiye. Kwanaki suka yi ta wucewa, kullum yana da dalilin da zai sa sai gobe. Kubura tana yayyafa wa goron ruwa kada ya bushe, har ta gaji. Ta ce, "Malam, goron nan ya kusa lalacewa, gabas kuma ta fara canjawa. In kunya kake ji, ka tafi da ita, ai ba ta hana tafiya."

Ya fara da gidan Nagoggo. Ya same shi a inuwar darbejiya yana tufka igiya.

Nagoggo ya ce, "Wa nake gani haka? Mai farin gida?"

Dabo ya durƙusa ya ajiye goro a kan tabarma. Ya ce, "Gayya na kawo."

"Ba an huta har abada ba?"

"Na yi kuskure, Nagoggo. Maganar da na yi a kan yatsunku ta fi simintin muni. In ba ku zo ba gidan zai faɗi."

Nagoggo ya ci gaba da tufkarsa har ya kai ƙarshen igiyar ya ƙulle. Sannan ya ɗauki goro ɗaya ya ɓare. Ya ce, "Ni zan zo, don Kawu Hussaini. Amma ban ɗaukar maka alkawarin kowa ba. Kai za ka bi su gida-gida ka faɗi abin da ka faɗa mini, kada ka rage."

Haka ya yi. Wasu suka karɓa da fara'a, wasu suka ce Allah ya kai mu, irin faɗar da ba ta nuna e ko a'a. Kubura ta sa aka kira Zubaida a waya, ta hawo mota daga Daura tun jajibiri.

Ranar da aka sa, Dabo ya shiga Gidan Holan da sassafe, ya buɗe rabin ƙyaure na sama, ya jingina a kan na ƙasa yana kallon hanya. Rana ta fito ba kowa. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai taɓa ji ba ko a dajin fatauci. Can sai ga mata da ƙoren makuba a ka, bayansu Nagoggo da diga a kafaɗa, bayansa samari. Ba duka suka zo ba, akwai gidajen da har yau ba su huce ba. Amma waɗanda suka zo sun isa aiki.

Cire simintin ya fi yaɓen wuya. Ya ci musu yini guda, sai washegari aka fara manna ƙasa. Goshin aka bari a ƙarshe yadda aka saba. Nagoggo ya hau tsani don ya ɓamɓare abin da ya rage a can sama. Ya sa diga, sai wani ƙaton ɓangare ya taso, ya kwaso ruɓaɓɓiyar ƙasa mai kauri, yaɓen shekaru masu yawa a manne da shi. Aka kauce ya faɗi. Nagoggo ya tsaya yana kallon wurin, bai sauko ba, bai kuma ci gaba ba.

Ya ce, "Dabo, hawo ka gani."

Aka jingina wani tsani, Dabo ya hau a hankali. Ƙasar da ta bayyana busasshiya ce, mai ƙarfi, ruwa bai kai gare ta ba. A jikinta ga sawun yatsu nan a jere, an ja su daga dama zuwa hagu, kowane da giɓi a tsakiya.

Dabo ya dube su da kyau. Sannan ya ɗora tafinsa a kai, yatsunsa suka shiga sawun, na tsakiya ya zauna a kan giɓin. Ya waiwayo ya nemi Zubaida, tana tsaye da bokitin ruwa. Ba ta taɓa ganin kakanta ba, ya rasu kafin a haife ta.

Ya ce, "Zubaida, matsa baya kaɗan, daga can an fi gani. Kin ga mai giɓin nan? Hannun kakanki ne."

Ta matsa ta ɗaga kai. Ta ce, "Na gani, Kawu."

Ya juya ga Nagoggo, muryarsa ta yi ƙasa. Ya ce, "A bar nan a buɗe."

Nagoggo bai yi gardama ba. Ya nuna gabas da haɓa. Gajimare ya taru ya yi baƙi, iska ta fara kaɗa ganyen darbejiya. Ya ce, "In ka bar shi, ruwan farko zai wanke shi. Ta nan kuma zai shiga ya ci goshin. Kai ka fi ni sani."

Dabo ya sani. Ya ƙara duban sawun, ya bi giɓin da yatsa tun daga farkonsa har ƙarshe. Nagoggo ya sunkuya ya karɓo curi daga hannun na ƙasa, ya miƙa masa. Dabo ya karɓa, ya yi bisimilla, ya manna a kan hannun mahaifinsa, ya ja da tafi. Yatsunsa suka bar nasu sawun. Ya share ido da kafaɗa, domin hannayen duk laka ne.

Ya ce, "Miƙo wani."